Kayan Na Hanya

Da ruwan ambaliyar Alau ya janye daga Gwange a watan Satumbar 2024, muka koma gida muna tsintar abin da ya rage. A ƙasan akwatin ƙarfe na uwargida, cikin takardun makarantar yara da suka cure wuri guda, na ga wani ɗan littafi ya kumbura ya ninka kaurinsa. Littafin garanti ne na keken Napep ɗina na farko, wanda na saya a 2013. Na shanya shi a kan katanga, da ya bushe na riƙa ɓamɓare shafukan da tsinke. Gurabe huɗu aka tanada domin hatimin wurin gyaran da kamfani ya amince da shi, kuma duka huɗun fari fat. Wurin da littafin yake nufi, mafi kusa da ni a lokacin, yana Kano, tafiyar kilomita kusan 600, a kan hanyar da mutum yake barin wasiyya kafin ya hau.

Ni malamin firamare ne mai ritaya, ban taɓa riƙe sifana da sunan sana'a ba. Amma a gidan bakanike na tashi. Mahaifina fita ne a garejin wani kamfanin Turawa, kuma tun ina yaro nake kai masa abincin rana. Abin da na fi tunawa shi ne sito: kantoci jere, kowane ƙarfe da lambarsa a jiki, ga akawu da katon littafi. Mota ta shigo, a buɗe mata kati. Idan abin da take bukata babu shi a sito, a buga waya Ikko, a ɗoro shi a jirgin ƙasa, domin tun 1964 dogo ya iso Maiduguri. Zamanin su UTC da SCOA da Leventis da John Holt ke nan, lokacin da wanda ya sayar maka da inji shi ne mai gyara maka shi. Daga baya aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, ga ta Steyr a Bauchi, babura kuma Yamaha na hannun John Holt, Suzuki na hannun Boulos. Kada in cika baki da yabon da: gwamnati da En'e da attajirai ne suka ci moriyar wannan tsari. Talaka yana kan Raleigh ɗinsa, ko bayan jakinsa.

Tsarin ya fara zubewa bayan 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo SAP, naira ta zube. Garejojin kamfani suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Fitocin da aka sallama suka kwashi akwatunan sifanunsu suka koma gindin dalbejiya, abin da Maiduguri ba ta rasa ba. Cinikin kayan gyara ya koma hannun 'yan kasuwa, yawancinsu Inyamurai masu kawo kaya daga Nnewi da Ikko, sabo da ɗan Beljiyam. A cikin wannan hali acaɓa ta bunƙasa, musamman da baburan Sin irin su Jincheng suka shigo da araha. Babu ɗan acaɓar da ya taɓa tambayar garanti, kuma bai bukaci ya tambaya ba. Kowace kwana da mai gyaranta, kayan kuwa kamar gyaɗa. Babur ya lalace da hantsi, kafin la'asar yana kan titi.

Cikin waɗanda suka koma gindin bishiya har da yaron mahaifina na hannun dama, wani Babarbare ɗan Shehuri. Kowa Baba yake ce masa, ni kuwa Yaya, shi kuma har gobe ɗan maigida yake kira na, ko da furfura ta cika mini kai. Gyaran mota ya koya, da ciniki ya ja baya ya koma babur.

Shi keken nan asalinsa ɗan Italiya ne. Kamfanin Piaggio ya fito da shi a 1948, ya raɗa masa suna Ape, wato ƙudan zuma, ƙanen babur ɗin Vespa da aka yi wa ƙafa uku domin ƙananan 'yan kasuwar da yaƙi ya tsiyata. Kamfanin Bajaj na Indiya ya fara ƙera shi da izinin Piaggio, da yarjejeniyar ta ƙare ya ci gaba da nasa. TVS, shi ma na Indiya, ya biyo baya da nasa samfurin mai suna King. A ƙasar nan Ikko ya fara yin suna, zamanin Buba Marwa yana gwamnan soja daga 1996 zuwa 1999, shi ya sa suke ce masa Keke Marwa. Abin dariyar shi ne Marwan nan mu ya fara mulka, daga 1990 zuwa 1992, amma kekensa sai da ya zaga duniya kafin ya zo mana. Sunan da muke kiran sa da shi kuwa na shirin yaƙi da talauci ne da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001, wato NAPEP. Shirin ya mutu, sunan ya zauna. Kanawa suka ba shi nasu sunan, A Daidaita Sahu, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, lokacin da aka kawo shi domin mata su daina hawa acaɓa.

A Maiduguri kafin 2011 ana ganin sa jefi-jefi, sai tsofaffi da mata masu kayan cefane daga Kasuwar Monday. Gari na babur ne. Har rikicin da ya cinye mu da babur a cikinsa: takaddamar hular kwano ta watan Yunin 2009 tana cikin abubuwan da suka rura wutar da ta tashi a watan Yuli. Daga baya aka shiga zamanin mutum biyu a kan babur, ɗaya na tuƙi ɗaya na harbi. A watan Yulin 2011, Gwamna Kashim Shettima ya haramta hawa babur baki ɗaya a Maiduguri da Jere, na haya da na gida. Washegari na taka da ƙafa daga Gwange zuwa makaranta, titi cike da masu tafiya a ƙasa kamar ranar Idi, sai dai babu mai fara'a.

Haka keke ya gaji gari a dare ɗaya. Tireloli suka riƙa sauke shi, mai kuɗi ya saya, marar kuɗi ya karɓa bashi. Abin da ba a sauke tare da shi ba shi ne wanda ya san cikinsa, da kayan da za a sa masa. Kuma keke ba babur ba ne da aka ƙara wa taya. Injinsa a baya yake, ƙarƙashin kujerar fasinja. Babu sarƙa, shaf biyu ne ke juya tayoyin baya. Yana da ribas, birkinsa na mai ne, giyarsa a hannun hagu. Masu gyaran acaɓa, waɗanda aka kashe wa kasuwa rana ɗaya da 'yan acaɓar, a kan kekunan mutane suka koyi aikin, wasu suka gyara, wasu suka ƙarasa. A daidai lokacin kuma da yawa daga cikin masu sayar da kayan gyara suka kulle shaguna suka koma kudu, saboda rai ya fi dukiya.

Ni a watan Maris na 2013 na shiga. Na sayar da ɗan filina na Bulumkutu, na sayi sabon keke dal a kan naira 380,000, na ba ɗan ƙanena. Balas naira 2,000 kullum, ranar Juma'a tasa ce. Dila ya miƙo mini littafin nan yana cewa wata shida, duk abin da ya samu inji na kamfani ne. Na sa shi a aljihu kamar laya.

Farkon watan Yuni yaron ya shigo da azahar, gumi sharkaf.

"Baffa, keke ya tsaya a Kwastam. Wata ƙara ya yi kamar ana dakan ƙarfe a turmi, sai ya mutu."

Muka turo shi har gindin bishiyar Yaya. Ya sa hannu ya juya injin, ya kasa kunne, ya zare ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsu, ya nuna mini wani ƙyalli-ƙyalli kamar garin azurfa.

"Ɗan maigida, boris ɗin kwanatin rod ya watse, kuma ya ci karanshaf. Wata uku bai isa ya yi haka ba, daga can ya zo da ciwonsa. Amma ka sani, in na kwance noti ɗaya garantinka ya tashi. Je ka wurin wanda ya sayar maka."

Dila ya karɓe ni da mutunci, har da ruwan sanyi. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, mu sayarwa muke yi, gyara na kamfani ne. Sai mun sanar da Kano." To, da me za a sanar? Tun tsakiyar watan Mayu aka kafa dokar ta-ɓaci, aka katse layukan waya. Mai son yin kira sai ya yi doguwar tafiya ya fita daga jihar. Wasiƙa ya rubuta da biro, muka ba wani direban motar haya. Kwana tara kafin amsa ta dawo: a aiko da injin. Muka sauke shi ɗungurungum, muka cusa a buhun taki, aka ɗaure a kan lodin wake.

Daga nan na koyi karatun da ban taɓa koyar da kowa ba. Duk bayan kwana uku in bi shingayen sojoji da na 'yan gora, waɗanda a lokacin suka fara fitowa daga Hausari, in je shagon dila. Amsa ɗaya ce: "Kayan na hanya, malam." Wata rana Kano na jiran Ikko. Wata rana Ikko na jiran jirgin ruwa daga Indiya. Wata rana kayan sun iso tashar ruwa ba a fitar ba. Ban ce ƙarya yake yi ba, shi ma abin da direba ya gaya masa yake gaya mini. Keken kuwa yana jingine a zaure babu inji, kaji sun fara ƙwai a kan kujerar baya.

Rana ta arba'in da uku, ana cikin azumi, injin ya dawo a buhunsa yadda ya tafi, da 'yar takarda a maƙale. Sun duba, sun ga babu hatimin sabis ko ɗaya a lambar keken, don haka ba za su iya tabbatar da irin man da aka riƙa zuba masa ba. Garanti bai hau ba. In ina so za a sayar mini da karanshaf da ragi, amma sai an kawo.

Na zauna na yi lissafi irin na malamin aji huɗu. Kwana 43, a cire Juma'a shida, saura 37, sau naira 2,000, ya kama 74,000. Yaya ya samo karanshaf daga wani keken da tirela ta murƙushe a hanyar Baga, ya haɗa injin cikin kwana biyu, kaya da aiki naira 19,000. Yaron nan kuwa, a tsawon jiran, kurar ruwa ya koma turawa, aurensa da aka sa bayan salla aka ɗaga shi zuwa baɗi.

Na daɗe ina jin haushi, amma daga baya na gane mutumin Kano yana da hujjarsa. Garin nan makashin inji ne. Injin keke iska ce take sanyaya shi, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, in ta sami kafa ta shige ta riƙa cin silinda kamar sanfefa. Ga man 'yan bumburutu, ga baƙin mai na jabu a galan mai kyan gani, ga mutum shida da buhun gero a abin da aka yi domin mutum huɗu. Kamfanin da ya ce zai biya duk injin da ya buga a Maiduguri ba tare da tambaya ba, ba zai shekara ba. Laifin littafin ɗaya ne: an rubuta shi domin garin da yake da wurin sabis, da waya, da hanya, aka sayar mini da shi a garin da ba shi da ko ɗaya, kuma wanda ya miƙo mini ya sani.

Ni ma da sauƙi, tunda keken nawa ne. Wanda jira yake kashewa shi ne mai biyan kaɗan-kaɗan. Mai kuɗi ya sayi keke, ya ɗora riba mai kauri, ya ba direba a kan ya riƙa biya duk mako har ya mallaka. Gyara na direba ne, kuma mako ba ya tsayawa don keke ya tsaya. Na ga wanda ya biya fiye da rabi, giyabos ya fashe, ya yi mako uku yana neman haƙori ɗaya na giya, mai keke ya zo da 'yan sanda ya ɗauke abinsa. Irin waɗannan ba sa zuwa wurin dila ma. Wa zai ajiye keke wata guda yana jiran na kyauta, alhali na kuɗi yana nan gindin bishiya?

Saboda haka gari ya gina nasa kamfanin, ba tare da allo ba. Duk keken da ya yi hatsari ko ya ƙone, yanka shi ake yi kamar sa, babu abin yarwa. Silinda ta sha ƙura, a kai ta bori a sa fistin mai girma. Masu injin sassaƙa ƙarfe suka koyi fitar da bushin da babu shi a kasuwa. A wajajen Bank of the North da Tashar Baga kaya suka kasu aji-aji, Yaya yana kiran su na kamfani, na biyu, da na Allah-kai-mu-gida. Da Gwoza da Bama suka faɗi a 2014, Baga kuma a farkon 2015, gari ya cika maƙil da 'yan gudun hijira, samarin da suka bar gona da su suka zama direbobi da yaran gareji. A lokacin hanyar Damaturu kaɗai ta rage mana, ta Bama da ta Dikwa da ta Damboa duk sun rufe. Ita ma ɗin mun san abin da ya faru a kanta a Benisheikh a 2013, da Auno a 2020. Duk fulogin da aka ɗaura a garin nan a shekarun can, wani direba ya sayar da ransa ya kawo shi.

Kamfanonin ma sun farga daga baya, gaskiya ɗaya ce. Gasa ta kama tsakanin TVS da ke hannun Simba da Bajaj, aka riƙa haɗa kekunan a Ikko, kayan gyara suka fara zuwa a fakiti mai hatimi, aka shiga horar da bakanikai. Sun gano abin da kowane direba ya sani, cewa mai saye ba ya tambayar wanne ya fi gudu, tambayarsa wanne ne kayansa suka fi yawa a kasuwa. Da na sayi keke na biyu a 2017, wuraren da ake sabis da sunan kamfani ba su yi nisan na da ba.

Sai dai haɗawa daban, ƙerawa daban. Ƙarfen daga Indiya yake zuwa, da dala ake sayo shi. Naira ta faɗi a 2016, ta sake yin mummunar faɗuwa a 2023, shekarar da aka cire tallafin mai. Keken da na saya 380,000 ya haura miliyan uku. Jira ya canza kama: kayan ga su a kanta kana kallo, kuɗin ne babu. Ka tambayi mai shago farashin ringi, ya ce bari ya kira Kano ya ji na yau. A 2021 kuma, da aka tarwatsa turakun wutar hanyar Damaturu gari ya shafe watanni a duhu, mai walda da mai bori sai sun tara aiki ya kai na tada janareta, kai kuwa ka yi ta zama a benci.

Amma ban taɓa ganin layi irin na bayan ambaliya ba. Daren 10 ga Satumba ruwa ya zo, mutane suka gudu da abin da ke jikinsu, kekuna suka kwana kwanaki a nutse, a Gwange, da Fori, da Gamboru, da Kwastam. Da aka jawo su, wasu direbobi don zumuɗi suka tada su nan take. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistin ya taso ya same shi a silinda, kwanatin rod ya lanƙwashe. Yaya, wanda yanzu ido ya yi rauni sai dai ya zauna a kujera yana ba da umarni, ya hana a taɓa makunnin kowane keke da aka kawo. A cire fulogi, a juya inji da hannu ruwa ya feso. A juye baƙin mai, wanda ya koma fari kamar kunun kanwa, a zuba sabo, a sake juyewa, har sau uku. A wanke tanki da kafireta, a shanya wayoyi a rana, a fitar da laka daga birki. Aikin yini guda ne in da kaya, amma shagunan kayan su ma ruwan ya shanye su, gasket na takarda duk ya jiƙe. Babu garantin da ya san ambaliya, babu ma wanda ya tambaya. Nawa ya yi kwana 19 a layi, ɗan maigida ko ba ɗan maigida ba.

Yanzu ana ta maganar keke mai lantarki, har wani ɗan garin nan, Mustapha Gajibo, yana haɗa motoci masu batir a cikin Maiduguri. Ɗan ƙanen nan nawa, wanda yanzu yake da 'ya'ya huɗu da kekensa na kansa, yana ta zuga ni in sayi mai batir, wai an huta da mai. Na ce ya fara nemo mini wanda ya iya buɗe cikinsa a Gwange, da shagon da ke sayar da abin da ke ƙonewa a ciki, sannan mu yi magana.

Ranar da na je ɗaukar keken bayan ambaliya, na tafi da busasshen littafin na nuna wa Yaya. Ya kai shi dab da ido, ya shafa guraben nan huɗu.

"Nan ne ba a buga ba?"

"Nan ne, Yaya."

Ya ce wa wani yaro ya matso da kaskon juye. Ya tsoma babban yatsa a baƙin mai, ya dangwala a gurbin farko, ya hura, ya miƙo mini.

"Ga ɗaya. Sauran ukun sai ka cika mini kuɗin gasket."